Man riɗi a wuyan Baba

Daren Talata, 9 ga Rajab, mustashfa (asibiti)

Da asuba na duba filastar wuyan Baba, inda robar nan ta shiga babbar jijiya. A bushe take. Sista ta sha gaya mini kada kowa ya taɓa wurin, don ƙwayar cuta kan bi robar ta shiga jini.

Da azahar na fita alwala. Ina dawowa na tarar da Gwaggo Hauwa, isowarta ke nan daga Abu Na'ama, tana murza masa man riɗi har wuya. Na riƙe hannunta.

"Ke Zainabu, ni kika riƙe? Da man ga na reni ubanki!"

"Yi haƙuri Gwaggo, shafa mishi a ƙafa."

Ba ta sake kallona ba. Gefen filastar ya ɗan ɗago. Na danne shi, na ɓoye wa Sista, don kada a hana Gwaggo shigowa. Tun magariba nake taɓa goshinsa. Akwai ɗumi. Ko zafin ɗaki ne? Ban sani ba.

Gobe:
- A auna zafin jikinsa kafin shayi.
- Wankin jallabiyarsa.
- In faɗa wa Sista gaskiya ta canja filastar, ko da a gaban Gwaggo ne.