Awakin Ƙuri'a

Litinin, 6 ga Maris, 1978
Maganar awaki ta tabbata. Duk macen da aka mutu aka bar mata ƙananan yara za a ba ta jajayen awaki biyu, a ƙauyukan Gozaki da Danja. Ina cikin murna Malam Oluwole, shugaban sashenmu, ya ƙarasa bayanin. Wai awakin ba za su isa ƙauye ashirin ba. Goma za su samu yanzu, goma sai bayan damina biyu, mu kuma mu riƙa auna yaran ɓangarorin biyu a ga ko akuya na hana yaro ramewa. Na ce ai na san ƙauyukan da suka fi buƙata, ni zan zaɓa. Ya ce ƙuri'a za a yi. "Malama Hansai, in ke kika zaɓa aka ga bambanci, ba za mu san ko akuya ce ta kawo shi ko idonki ba." Haifaffen Funtua ne, mahaifiyarsa na sayar da atamfa a kasuwa. Hausarsa ta fi tawa kaifi, shi ya sa gardama da shi ke da wuya.

Asabar, 18 ga Maris
An yi ƙuri'ar a farfajiyar ofis. An rubuta sunan kowane ƙauye, an naɗe, an zuba a kwanon sha, masu unguwanni suka riƙa sa hannu da kansu. Unguwar Sanda ba ta fito ba. Can Gwaggo Mairo take, ƙanwar Baba, da jikokinta uku da ɗanta ya rasu ya bari. Na tafa tare da mutane don kada a ga fuskata.

Lahadi, 19 ga Maris
Na gaya wa maigidana Aƙilu. Ya ce a gidan gurzar audugarsu da an yi irin wannan ƙuri'a wajen ɗaukar leburori da an huta da 'yan uwan manya. Shi komai abin dariya ne. Na ce masa miyarsa na kan murhu, ya zuba da kansa.

Alhamis, 13 ga Afrilu
Rabon awaki a ɓangaren Danja. Wata tsohuwa ta kama kunnen tata tana yi mata magana kamar baƙuwa. Wata akuyar ta tsinke ta shige ajin makaranta, yara suka watse da ihu. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Rana mai daɗi, ba zan ɓoye ba.

Talata, 25 ga Afrilu
Unguwar Sanda, awon farko. Mun rataye sikeli a reshen ɗorawa. Gwaggo ta kawo Hajo, ƙaramar jikarta, ta miƙo min ita ba ta dube ni ba. Daga baya a ɗakinta ta ce, "Ke 'yar nan, ina amfanin karatunki? Kina ofishin, amma a ce canki-canka aka yi da mu? Ku zo ku rataye yara kamar nama ku tafi." Na yi mata bayanin damina biyu. Ta ce Allah ya kai mu. Duk da haka ta ƙulla min daddawa a gefen zane.

Laraba, 5 ga Yuli
Motar ofis ta kafe a laka kusa da Gozaki. Mun ci gyaɗa mun jira shanun noma suka ja mu.

Juma'a, 8 ga Disamba
Mun gama awon ƙauyukan da suka samu. Yara sun yi ɓul-ɓul, awaki sun haihu, mata sai godiya. Na shiga ofis ina cewa a rubuta wa manyanmu na Kaduna yau ɗin nan, abu ya yi kyau, a ba sauran nasu a daina ja musu rai. Malam Oluwole ya ce, "Madalla. Saura ɗaya ɓangaren." Ko murmushin kirki bai yi ba. Mutumin nan!

Alhamis, 21 ga Disamba
Abin haushi. Yaran ƙauyukan da ba su samu ba su ma sun yi ƙiba, kusan daidai da waɗancan. Hajo har da kumatu. Dawa ta yi kyau bana, ko'ina rumbu cike. Ashe amfanin gona ne ya ciyar da su, mu muna ta yabon akuya. Na tambaye shi to shi ke nan, aikin banza muka yi? Ya ce bai sani ba tukuna, kuma gara mu ce ba mu sani ba da mu aika da abin da wani zai zo ya ƙaryata, a soke shirin gaba ɗaya. Za mu sake awo tsakiyar damina, lokacin da hatsi ke ƙarewa.

Asabar, 10 ga Maris, 1979
Mun shafe ɗaki da farar ƙasa. Aƙilu ya sayo rediyo sabuwa, ya hana kowa taɓawa.

Talata, 7 ga Agusta
Azumi, ga ruwa kullum. Unguwar Sanda. Da na ɗaga Hajo zan sa ta a sikeli na san amsar tun kafin allurar ta tsaya. Hannunta kamar kara, gashinta ya yi ja. Gwaggo ta sayar da rabin dawarta tun da kaka, lokacin da take arha, don ta yi wa yaran tufafi da magani. Yanzu koko sau ɗaya a rana da ganyen tafasa. Ba ta yi min gori ba. Da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Rubuta abin da kika gani." Na rubuta.

Laraba, 8 ga Agusta
Na ɗebi gero da wake da man gyaɗa daga ɗakinmu, Aƙilu ya kai mata a babur kafin ya tafi aiki. Na shiga wajen Malam Oluwole a shirye da faɗa. Na ce na ɓata masa lissafi, kuma gobe ma zan ƙara. Ya ajiye biro ya ce, "Wa ya ce miki ƙuri'a ta hana mutum taimakon gwaggonsa? Ki dai rubuta cewa gidan ya samu taimako, mu sani." Sannan ya ce duk yaron da awonsa ya faɗi ƙasa sosai, ko a wane ɓangare yake, a kai shi asibiti a motar ofis. Ya ƙara da cewa shi ma jiya bai iya cin abinci ba. Ban san abin da zan yi da faɗan da na shigo da shi ba.

Alhamis, 23 ga Agusta
An haɗa sakamako. A ƙauyukan awaki yara sun ɗan rame amma sun riƙe jiki. Da buƙata ta taso, ɗan akuya matan suka sayar, suka bar hatsinsu a rumbu. A ɗaya ɓangaren ramar ta yi yawa. Bambancin a fili yake, ko wanda bai je makaranta ba zai gani. Malam Oluwole zai kai Kaduna da kansa. Ya ce in shirya, ni zan yi bayanin awon, tunda ni na ɗaga yaran.

Litinin, 15 ga Oktoba
Kaduna. Wani babba ya ce wataƙila da ma ƙauyukan awakin sun fi arziki. Na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya zaɓe su. Daga kwano aka ciro su." Ya gyaɗa kai ya wuce wata tambayar. Hajo ta warware, an ce har tana bin kaji.

Talata, 5 ga Fabrairu, 1980
An amince. Sauran goman za su samu nasu, kuma za a faɗaɗa shirin har ƙauyukan Malumfashi. Da hannuna na miƙa wa Gwaggo igiyar awakinta biyu. Ta duba haƙoransu, ta ce ɗayar ta tsufa. Ta karɓa dai.

Lahadi, 14 ga Disamba
Mun je wa Gwaggo yini. Awakinta sun zama biyar, sun cinye mata ramar da ta shanya. An gama girbi, zangarniya jibge a tsakar gida. Ta jawo Hajo ta matsa kumatunta ta ce, "Kin gani? Tun da awakin nan suka shigo gidan nan yarinyar nan take ƙiba." Har na buɗe baki zan ce Gwaggo, ai lokacin kaka ne, yaran maƙwabta fa da ba su da akuya, kin duba su? Sai na kama bakina, na ce Allah ya ƙara albarka.

A hanyar dawowa Aƙilu ya tambaye ni me nake ta leƙe ta katangar maƙwabtan. Na ce masa ba komai, kabewarsu nake kallo.