Rijiyar Ladi

Yaya Ishaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Da fatan ƙafar Anti Maryamu ta yi sauƙi, yara kuma suna lafiya. Mu nan unguwar Television sai godiya.

Tun rasuwar Baba, Mama ba ta zuwa ko'ina sai coci. Ranar Asabar na lallaɓa ta muka raka Saratuna tsohuwar kwalejin su Mama ta hanyar Kakau, inda ta samu gurbi. Ɗalibar da ke zagayawa da mu ta nuna wata rijiya ta ce, "Sunanta Rijiyar Ladi. Wai wata ce ta faɗa ciki saboda soyayya, ba a sake ganinta ba."

Mama ta ce, "'Yata, ni ce Ladin. Gugana ne ya faɗa, wani saurayi ya shiga ya ciro mini, na aure shi."

Yaya, ta yi dariya har da hawaye. A mota labarin Baba ta yi ta ba mu, muna isa gida ta ce a dafa mata gwate.

Ku ci gaba da sa ta a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Rifkatu