Maigidana Yana Ƙara wa Turbo Ƙarfi, Ni Kuma Gabana Yana Faɗuwa

Gwaggo Zainaba, assalamu alaikum.

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke damuna na rasa wanda zan faɗa wa. In na gaya wa mata 'yan'uwana dariya za su yi, su ce yaushe mace ta fara shiga sha'anin injin mota. In na gaya wa maza, kafin in rufe baki maganar ta isa kunnen maigidana. Ki yi haƙuri da Hausata, a kasuwa da ajin yaƙi da jahilci na koye ta, a gida Larabcin Shuwa muke yi. Sunayen da zan ambata ma duk na sauya su.

Mu a da mutanen daji ne. Farin da aka yi shekarun baya ya cinye shanun iyayenmu, sai maigidana ya sayar da 'yan da suka rage ya sayi tsohuwar a-kori-kura mai shan gas. Da ita yake ɗauko tumaki da awaki daga kasuwannin ƙauye yana kawowa Maiduguri. Yanzu muna zaune a Umarari da 'yarmu Zaratu. Mutum ne mai sanyin hali, Gwaggo, bai taɓa ɗaga mini murya ba. In ya dawo daga tafiya sai ya wanke motar nan kafin shi ya yi wanka, yana shafa ta yana yi mata magana yadda na ga babansa yana yi wa saniya.

Kafin mu dawo gari, muna ƙauyenmu can bayan Gubio, na yi cikin fari. Naƙuda ta zo da gardama, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Ya shimfiɗa mini katifa a bayan motar, ƙanwarsa Kellu ta ɗora kaina a cinyarta, muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba motar ta kafe a yashi. Tun hantsi yake tono da hannu, yana saro rassan aduwa yana cusawa ƙarƙashin taya, injin sai kuka yake amma ko motsi. Sai da wasu masu raƙuma suka zo wucewa aka taru aka fitar da ita. Da la'asar sakaliya muka iso asibiti. Ni na rayu. Yaron bai zo da rai ba, namiji ne. Shi ya kai shi makwancinsa, da hannayen nan nasa duk ƙaya ta yayyaga su. Daga ranar har yau ba mu taɓa zama mun yi maganar ba.

To bara abokinsa Pindar, wani bakanike mutumin Biu mai gareji a Mafoni, ya ɗaura wa injin wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi, wai shi turbo. Ya ce iska yake tura wa injin, ƙarfi ya ƙaru. Ranar maigidana ya shigo da fara'ar da na daɗe ban gani ba, ya ɗauke mu ni da Zaratu ya zagaya da mu har Maisandari, ya saya mana gasasshen kifi. Tun daga lokacin duk wanda ke da marar lafiya a ƙauye shi ake aiko wa, kuma ba ya karɓar komai a hannun kowa.

Sai dai ƙarfin bai ishe shi ba. Ya koma ya ce a ƙara, Pindar ya ƙara kaɗan. Ya sake komawa, Pindar ya ƙi, ya ce wannan injin ba da turbo aka ƙera shi ba, in aka ci gaba da matsa masa wata rana kan injin zai tsage. Suka yi saɓani, abotar shekara da shekaru. Matar Pindar, Phoebe, ita ta zo har gida ta ba ni labari, ta ce maigidana ya kai motar wurin wani a hanyar Baga, ya ɗaure masa turbon iya ɗauri, ya kuma buɗe famfon mai don injin ya riƙa shan gas da yawa. Ta ce Pindar ko abinci bai iya ci ba ranar da ya ji.

Ni ban san injin ba, amma ina da ido da kunne. Yanzu in ya tayar da ita baƙin hayaƙi ke tashi, har katangar gidanmu ta yi baƙi. Tana wani irin fito mai tsinin da da ba ta yi. Kullum da safe sai ya ƙara ruwa a lagireto. Da muka je biki Magumeri na ga allurar zafin ta kusa taɓa ja, shi ma ya gani, sai ya ajiye hularsa a wurin don kada in ƙara kallo.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, Kellu tana can ƙauye da ciki, kuma cikin bazara za ta haihu, lokacin da yashin ya fi laushi. Rannan muna cin abinci, ba tare da ya ɗago kai ba ya ce wannan karon motar ba za ta tsaya ba. Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan waccan rana.

Gwaggo, shin abin nan yana da iyaka, ko Pindar tsoro ne kawai ya yi masa yawa? Kuma ta yaya zan yi masa magana? Na san in na ce mota, shi maganar yaron da muka rasa zai ji. Ina tsoron injin ya mutu musu a tsakiyar daji da Kellu a baya, ya ɗauki laifi na biyu ya ɗora a kan na farko. Ba na jin zai iya ɗauka.

Taki,
Mai Fargaba, Umarari, Maiduguri.

AMSA

'Yata Mai Fargaba, wa alaikumus salam. Hausarki ba ta da laifi, ta isar da saƙo har ta sa ni share ido. Allah ya jiƙan ɗanku, ya ba ku ladan haƙuri.

Ni ma injin ba fagena ba ne, don haka na tambayi tsofaffin bakanikai biyu da na amince da su, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Eh, abin yana da iyaka. Injin gas da ba a ƙera shi da turbo ba, in lafiyayye ne, yakan jure iskar da ba ta wuce fam shida zuwa takwas ba, a irin awon da mai faci ke auna iskar taya. Tsohon inji kuwa gara a tsaya ta ƙasa. Kuma ba a gane wannan da kunne, akwai ɗan geji da ake ɗaurawa gaban direba ya riƙa gani. Baƙin hayaƙin nan man da ya yi yawa ne, bai ƙone duka ba, zafinsa kuma yana iya narka fistin da ke cikin injin. Ruwan da yake ƙarawa kullum ya fi damunsu, sun ce wataƙila gaskit, abin da ke hana ruwa da mai haɗuwa a kan inji, ya riga ya fara ci. A duba baƙin mai, in ya koma kalar shayi da madara, a ajiye motar nan take. Kuma kada ya kuskura ya buɗe murfin lagireto da zafinsa.

Ga abin da nake so ya shiga kunnen maigidanki. A cikin yashi mota tafiyar wahala take yi, inji na aiki iya ƙarfinsa, iskar da za ta sanyaya shi kuma ba ta shiga sosai. Ke nan injin da aka matsa wa, a wurin da aka fi buƙatarsa nan zai ba da kunya. Direbobin yashi ba da ƙarfin inji kaɗai suke wucewa ba. Suna rage iskar taya kafin su shiga, su fita da sanyin safiya, su riƙe giya ɗaya ba tare da murza taya a wuri guda ba, su tafi da shebur da faffaɗan katako da famfon hura taya. Pindar ya yi gaskiya, kuma wanda ya yarda ya ɓata da kai don kada ka halaka, aboki ne na riƙewa.

Amma kada ki ɗauki mijinki mai taurin kai. Mutumin da ya mayar da baƙin cikinsa ɗaukar marasa lafiya kyauta, ba ganganci ke tuƙa shi ba. Yana ganin da motar ta fi haka ƙarfi da ɗansa yana raye, kuma shiru ya bar shi da wannan tunani shi kaɗai. Shirun nan ku biyu kuka yi shi, ke kuma kin fi shi kusa da iya buɗe baki, tunda ga shi kin rubuto.

Don haka kada ki fara da mota. Ki sami lokacin da ya ci ya huta, ki gaya masa kin ga abin da ya yi a ranar nan, ba ki manta ba, kuma ko sau ɗaya ba ki taɓa ɗora masa laifi ba. Ki ce kwanan yaron ne ya ƙare, ke kuma ta dalilin shi maigidanki Allah ya bar ki. In ya yi shiru ki bar shi, in ya yi hawaye kada ki hana shi. Bayan kwana biyu ki roƙe shi abu guda: ya je ya ɗauko Kellu tun watanta bai kama ba, da izinin mijinta, ta zauna wurinki kusa da asibiti. In babu tseren da za a yi, ba shi da dalilin matsa wa inji. Daga nan maganar komawa wurin Pindar za ta yi sauƙi, ke da Phoebe ku san yadda za ku haɗa su a kan akushi ɗaya, sauran su ƙarasa a gareji.

Allah ya sauki Kellu lafiya, ya sa a yi taron suna a tsakar gidanku, ya tsare maigidanki a kan hanya fita da dawowa. Shi kuma wanda ya riga ku, Allah ya sa ku same shi yana jiran ku a ƙofar Aljanna.

Gwaggo Zainaba.