Gwangwaninka Ya Dawo da Zafi

Zuwa ga Ilarie, hasken idona, sanyin ƙirjina, ɗumin rana a kan ƙanƙarar duwatsunmu, furen tuffa na bayan gidan mahaifiyata, mai taurin kan da babu irinsa a duk kwarin Jiu.

Yayarka Domnika ta dawo jiya daga asibitin Bukarest, ta same ni a wurin aiki ko jakarta ba ta ajiye ba. Ta ce, "Saveta, 'yar'uwa, ni 'yar aike ce, kada ki ga laifina. Ya ce kada ki zo. Ya ce ki cire zoben. Wai shi yanzu gwangwani ne da ya gama aiki, ke kuwa kin fi kowa sanin inda ake zubar da irinsa."

Haba Ilarie! Da bakinka? Ni za ka aiko wa wannan magana, ni da na cika gwangwanin da hannuna? Zobe yana nan inda ka sa shi. In kana so, tashi ka zo ka cire.

Ka tuna ranar da na fara aiki a tashar 'yan ceto ta mahaƙar kwal ɗinmu? Kawu Gavrila, tsohon da ke kula da na'urorin numfashinku, yana koya mini cika gwangwanayensu da farar tsakuwar nan, farar ƙasa da aka gauraya da soda. Kuka fito daga atisaye cikin hayaƙi, ka sauke na'urarka a kan teburina. Na zaro gwangwanin, zafinsa ya sa na sake shi da ihu, ya faɗi a kan yatsun ƙafarka. Ka dinga tsalle da ƙafa ɗaya kana cewa, "Kawu, wannan ceto aka kawo ta yi ko kisa?"

Na ce, "To wa ya ce ka gasa shi a wuta?"

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Babu wata wuta, yarinya, numfashin ƙaton nan ne. Iskar da mutum ke fitarwa guba ce in ta taru. Tsakuwar nan kuwa ƙishinta take ji, da sun haɗu sai ta shanye ta ba tare da an tura ta ba, kamar ruwa ya ga gangara. Wajen shanyewar take fitar da zafi da gumi, ita kuma ta zama alli. In ta zama alli ba ta komawa, sai an ƙona ta a tanderu mai tsananin wuta. Yawan wahalar mutum, yawan numfashinsa, yawan zafin gwangwaninsa. Rago da sanyi yake dawo da nasa."

Ka kashe mini ido ka ce, "Kin ji ko? Kin tsinci miji mai aiki."

Na ce, "Na dai tsinci gurgu."

Wayyo, ina ma ranakun nan! Lokacin sanyi, in yatsuna sun ƙage, ba na neman murhu, dawowarka nake jira in ɗora tafukana a kan gwangwaninka. Wace mace ce a duniya ta taɓa jin ɗumi da numfashin masoyinta yana tsaye nesa da ita yana wanke fuska? Ran Lahadi mu hau tudu da mamaliga, tuwon masararmu, da cuku a ƙunshe, ka cinye rabona, ka rantse tsuntsu ne ya ɗauka. Muryarka tana gangarawa kwari kamar kogi in ƙanƙara ta narke, tumakin mutane har ɗaga kai suke yi.

Sai ranar nan. Da safe jiniya ta yi kuka, aka ce wuta ta tashi a ƙasa, akwai mutane a bayanta. Kuka shiga. Muna tsaye a ƙofar rami da matan gari sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunmu, kamar wata dabba ta juya cikin barci. Da aka fara fito da ku ba a bar mu mun matso ba. Motocin asibiti suka tafi, ba a faɗa mana wa ke da rai ba. Na'urorinku kawai aka jibge mini a kan tebur.

Na fara buɗe na'urar Toader, amininka, wanda zai tsaya mana a coci ranar aurenmu. Sanyi ƙalau, Ilarie. Tsakuwar a bushe, fara tas, kamar yanzu na zuba ta. Ban buƙaci wani ya gaya mini ya rasu ba.

Sannan taka, igiyoyinta duk sun ƙone. Na taɓa gwangwanin, zafi! Na yi ihu, "Kawu, da zafi!" Ya ce, "Tsaya, kada ki yaudari kanki, wutar waje ma tana iya gasa shi. Buɗe mu gani." Na buɗe. Ciki a jiƙe sharkaf, tsakuwar ta dunƙule ta zama alli har ƙasa, ba ka bar ko ƙwaya ba. Tsohon nan ya cire hularsa ya ce, "Wuta busarwa take yi. Wannan jiƙewar ta mai rai ce." Na durƙusa na rungume ƙarfen nan, na yi kukan da ban taɓa yi ba. Daga baya aka gaya mini Sabin ka goyo, mahaƙin da dutse ya karya wa ƙafa, tun daga ƙuryar rami, kai da jikinka ke ci da wuta.

Yanzu kuma ka ce a zubar da kai? Ya raɓar safiyata, ya inuwata, wa ya ba ka izinin yanke hukunci a kan abin da yake nawa?

Domnika ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce fuskar ba wadda na sani ba ce, yatsun dama ba za su ƙara miƙewa ba, muryar ta koma raɗa, huhun ba zai ƙara hawa tudu ba. Na ji. Na shiga ɗaki na yi kukan muryar nan, ba zan yi maka ƙarya ba, na yi kukanta kamar an yi mini mutuwa. Ta ce kuma in ka farka Toader kake kira. Ni ma ina zuwa wurin mahaifiyarsa, muna kunna masa kyandir. Ba ta taɓa ambatonka sai da addu'a. Matar Sabin kuwa ta cika mini taga da kwalaben zuma, wai in kai maka, na rasa yadda zan gaya mata ka hana ni zuwa.

Kana tsammani kai kaɗai ne ba za ka koma yadda kake ba? Ni ma wadda ka bari a ƙofar rami ba ita ke rubuta maka ba. Kada ka ƙara mini wani rashin a kan wanda Allah ya riga ya ɗora mana.

Ran Asabar zan shigo jirgin ƙasa. Ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi. In ka sa an rufe ƙofa, zan zauna a barandar asibitin har masu jinya su gaji da ganina. In an buɗe ka juya fuskarka bango, juya abinka, masoyina. Zan ja kujera in zauna a bayanka, ba sai ka ce komai ba.

Taka, yau da gobe, har ranar da za a rufe ni da ƙasar kwarin nan,

Saveta