Allurar Debby

Romi, Kaduna
Maris

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Lokoja? Mama tana gaishe ka.

Na rubuto ne saboda in ka kira wayar Mama tana tsaye kusa da ni, sai bakina ya yi nauyi. Baba Shekari direba ya ce zai kawo maka wasiƙar.

Baba, ƙanwata Debby ba ta da lafiya. Da cokali abin ya fara, yana ta faɗuwa daga hannunta. Sai rubutunta ya lalace, har malamarsu ta yi mata bulala wai wasa ya yi mata yawa. Yanzu kafaɗarta tana zabura, hannunta yana fizga, fuskarta tana murguɗewa kamar mai yi wa mutum gwalo. Yaran layinmu suna kiranta mai rawa ba kiɗa. Sai ta yi barci jikin yake lafawa. Maƙwabciyarmu Maman Nelson ta ce ai ciwon gaske bai san barci ba, wannan jifa ne. Mama ta kai ta gidan addu'a a unguwar Television, an sa ta azumi, ta dawo ta fi da.

Don Allah ka ce wa Mama a je asibiti. Maganarka take ji.

'Yarka,
Jemimah

Afrilu

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na gode da ka sa baki. Mun je, ni na riƙe jaka.

Likitar mace ce. Ta ce Debby ta damƙe mata yatsu, sai hannun ya riƙa matsewa yana saki kamar mai tatsar saniya. Ta ce ta fito da harshe, ya ƙi tsayawa. Daga nan ta tambaya ko ta yi ciwon maƙogwaro a kwanakin baya. Mama ta ce wannan ya wuce, tun kafin Kirsimeti wanzami daga Kakau ya cire mata belu. Likita ta ce belu ba shi da laifi. Ƙwayar cuta ce ta kama maƙogwaron, ba a sha maganinta ba, jiki ya tashi yaƙarta sai ya ruɗe, ya koma dukan ƙwaƙwalwa da zuciya.

Baba, ta daɗe tana sauraron ƙirjin Debby. An ɗauki jini, an yi hoton zuciya, aka ga wata ƙofa a ciki ba ta rufuwa da kyau. Ta ba da ƙwayoyi, ta ce rawar za ta wuce cikin 'yan watanni, ba ita take tsoro ba. Abin tsoron shi ne ƙwayar ta dawo, don duk dawowarta sai ta ƙara cin ƙofar nan. Saboda haka allurar penisilin kowane wata, har Debby ta girma, ko da ta warke sarai. Ta maimaita wannan tana kallon Mama.

Allurar fara ce mai kauri. Debby ta ce gara bulalar malama.

Ka huta lafiya.
Jemimah

Satumba

Babana ƙaunatacce,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ruwan bana bai hana ku aiki ba.

Kamar yadda Mama ta faɗa maka, rawar ta tsaya tun Yuni. Debby tana cin tuwo da hannunta, ta koma makaranta. Mun yi godiya a coci. Mama ta sa anko, ta tsaya gaban jama'a ta ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar da 'yarta gaba ɗaya, babu saura. Matan zumunta suka yi guɗa, aka ɗaga Debby sama. Ni ma na yi kuka don murna.

Ga abin da ba ta faɗa maka ba. Tun ranar ba a sake yin allura ba. Da na tuna mata, sai ta ce wanda ya ba da shaida ba ya komawa layin asibiti. In wata 'yar cocinmu ta gan mu a can, me za ta ce, Allah ya yi rabin aiki ne? Ta ce ko ina so in mai da ita maƙaryaciya. Na san ba mugunta ba ce, Baba. Da gaske ta gaskata.

Amma makon jiya ciwon maƙogwaron ya dawo, da zazzaɓi. Mama tana ba ta ruwan gishiri, tana shafa mata man addu'a. Ka san Debby, kullum ita ke riga ni isa famfo. Jiya a rabin hanya ta ajiye bokiti ta zauna a kan dutse tana haki. Ta ce in sa kunnena a ƙirjinta kamar likita in gaya mata abin da na ji. Na sa. Na ce mata ban ji komai ba.

Ranar Alhamis likitar take ganin yara. Ban taɓa saɓa wa Mama ba, ka sani. Amma in ba ka iso ba, zan kama hannun Debby kamar za mu makaranta, mu wuce ƙofar makarantar, mu nufi asibiti.

Mama ta ce kada in tayar maka da hankali. Ka yi haƙuri, Baba, so nake ya tashi.

'Yarka,
Jemimah