Gara Ta Shiga Katakonka

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na rubuto ne in shaida maka gara ta shiga katakonka.

Ka san wanda nake nufi. Kai da sana'arka yanka hatimi a bakin kasuwar Gummi, sai da ka ɓata damina guda kana sassaƙa titin kasuwar a jikin katako: benen mai shagon yadi, hasumiyar masallaci, 'yan kabu-kabu, masu tallar fura. Ka shafa tawada, ka ɗora takarda, ni kuma in yi ta dannawa da bayan cokali har hannuna ya yi tsami. Kana cewa, "Danna dai, kak ki ja."

Duk cinkoson nan babu mai fuska ko ɗaya, don malaminku ya ce ban da fuska. Na yi ta yi maka tsiya wai garin fatalwa ka yi. Amma Inna na ganin takardar ta nuna wani da ya jingina da falwayar wuta, ta ce, "Wanga Sani na, ga tsayuwatai." Ka yi dariya, ba ka musa ba.

Sai ka ajiye wuƙarka ka bi masu haƙar zinare wajen Bukkuyum, rami ya rufta da ku. Wallahi har yau ina jin haushinka. Ko hoton fasfo ba ka bar mana ba, takardun da muka buga kuma yoyon ɗaki ya lalata su.

Idon Inna ya yi rauni, kullum roƙonta in sake buga katakon in fito mata da kai a takarda. Shekaranjiya na jawo katakon daga ƙarƙashin gado, na ji shi sakayau. Na san bugu ɗaya kawai zai iya ɗauka. Na shafa tawada, na danna a hankali, ina ji yana rugurgujewa a ƙarƙashin cokalin.

Bene ya fito, hasumiya ta fito. Falwayar ma ta fito, Yaya, amma babu kowa a jikinta.

Na kai wa Inna. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗora yatsa kan wani mai tallar goro, ta tambaye ni ko kai ne. Na ce mata eh.

Allah ya yafe mini wannan eh ɗin, ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka.

Ƙanwarka,
Hadiza