Zauren da Hafsat ta ƙi cirewa

Laraba da dare, mako na uku na kullen annoba.

'Yata Hafsat ta kira daga Rotterdam bayan isha'i. Gobe za ta kare zanenta na kammala karatu a gaban malamai, ta bidiyo. An ba su wani tsohon sito a tashar jiragen ruwa domin su mai da shi gidajen zama, kamar yadda ake yayi a Turai yanzu. Ita kuwa ta sa wa kowane gida zaure.

Tun watan jiya nake roƙonta ta cire shi. Na bi ƙasidun gine-ginen Turai da na tara ɗaya bayan ɗaya, duk gilashi ne da ƙarfe, babu zaure ko ɗaya. Tsorona kada su ce ta kawo ƙauyanci, su kayar da ita bayan wahalar shekara biyu.

Ta ce, "Baba, da mai babur ya kawo muku tapau, abincin nan na ƙunshi, daga unguwar Kampung Baru, ina ya ajiye?"

Na ce a ƙasa, bakin ƙofa, tun da ba a shiga gidan kowa yanzu. Mamanta tana gefena tana dariya.

"To ka gani. Zauren Kaka taku nawa ne?"

Ban sani ba. Da muka gama waya na tashi na tsaya a falo, na rufe ido ina tuno zauren gidanmu, na taka daga inda tabarmar mahaifina take zuwa ƙofa, har sau uku. Bakwai ne. Na aika mata, na ƙara da cewa ta bar wurin ajiye takalma.